Rakiyar da Yaya Larai Ta Yi Mini Zuwa Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. Duk wadda ta zo kitso, kafin ta kwance ɗankwali sai ta ce, "Rabi, wai me ya kai ki Nijar?" Wata ta ce ta ji sarin turaren wuta na je, wata ta ce maganin haihuwa na je nema. Ke da kika ce maganin haihuwa, na san ki, kuma na yafe miki. To yau zan faɗa gaba ɗaya, in huta da amsa guntu-guntu da kibiyar kitso a bakina. Na nemi izinin Yaya Larai, don rabin labarin nata ne, ta ce, "Faɗa musu, kada ki rage komai."

Shekarata goma sha shida da aure Allah bai ba ni haihuwa ba, wannan duk unguwa an sani. Abin da ba a sani ba shi ne, bayan ƙaramar salla ina wanka na ji wani ɗan ƙullutu a mamana na dama, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ban faɗa wa kowa ba, sai na je na tambayi waya. Wayyo, da na sani! Bidiyon farko wani mutum ne da farar riga, ya ce macen da ba ta taɓa haihuwa ba, ba ta taɓa shayarwa ba, ita ce a gaban layin ciwon daji. Washegari a guruf ɗinmu na matan unguwa aka turo saƙon murya, wai duk mai sa waya a rigar mama ta sayi daji da kuɗinta. Ni kuwa duka biyun na haɗa. Hannuna kullum cikin man kitso yake, ina zan sa waya in ba can ba?

Kun san halin wayar nan, ki kalli bidiyo ɗaya ta kawo miki goma, kamar kin watsa wa kaza tsaba. Na ga mata da gyambo a ƙirji, na ga masu kuka, na ga masu tallan ganye. Wata uku ina cikin wannan hali. Ina yi muku kitso ina dariya, ba wadda ta san abin da nake ciki. Har na fara rabar da kayana a hankali, don na riga na yanke wa kaina cewa tafiya ta zo.

Leshina mai ruwan zuma shi ya tona mini asiri. Na ɗauke shi na kai wa Yaya Larai a Zango, inda take aure tana sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ta girme ni da shekara goma sha huɗu, ita ta riƙe ni bayan rasuwar Innarmu. Ta juya leshin, ta kalle ni, ta ce, "Ke da ko aro ba ki ba da wannan, yau kyauta? Zauna. Me ke damunki?" Ai kuwa sai na fashe da kuka.

Sai ku san wace ce Yaya kafin in ci gaba. Tun ina ƙarama, duk abin da nake tsoro ita ke fara shiga. In magani ne mai ɗaci, ita za ta fara kurɓa ta ce, "Kin gani? Ban mutu ba." In allura ce, sai ta miƙa wa mai allurar nata hannun ya yi kamar ya soka. Ranar da aka kai ni ɗakin miji ma ita ta fara sa ƙafa. Ba ta da babbar waya, ba ta kuma so. Rediyonta na rataye kusa da murhu, abin da ya faɗa shi ne gaskiya. Da na gama ba ta labari sai ta ce, "Ni dai wannan ciwon ba ya gabana. Da kunnena na ji likita a rediyo ya ce shayarwa na kare mace. Tara na shayar, kowanne shekara biyu cur. Na yi rigakafi sau tara." Tana rufe baki ta gane inda maganar ta soke ni. Ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta, hannunta duk ƙanshin tunkuza, ta ce, "Yi haƙuri, bakina ne ya riga hankalina. Tashi, asibiti za mu."

Na ce ni fa ba zan je asibiti a Daura ba. Rabin ma'aikatan mata ni ke musu kitso, kafin in kai gida labari ya riga ni. Macen da ake wa kallon ba ta haihu ba, a ƙara da cewa mamanta ya lalace? A'a. Sai Yaya ta tuna da Goggo Mariyama, ƙanwar Babanmu, da ke aure a Damagaram tun ba a haife ni ba. Ta ce mu je da sunan zumunci. Maigidana Malam Sani kaɗai na gaya wa gaskiya. Ya ce, "Wata uku kina ɗauke da wannan ke kaɗai, ina cikin gidan?" Shi ya kai mu tasha da kansa.

Da hantsi muka isa Kongolam. Ni dai ban taɓa ƙetare iyaka ba, na ɗauka wata katanga zan gani. Ashe hanya ce kawai da igiya, da rumfuna, da masu canji suna kaɗa takardun sefa, da mutanen da ke gaisawa daga wannan gefen zuwa wancan don duk dangi ne. Aka ce mu sauka mu nuna kati. A ɓangaren Nijar wani jandarma dogo ya nuna jarkar da Yaya ta rungume, ya yi wata magana da Faransanci. Yaya ta ce, "Ɗan nan, yi min da Hausa, na san ka iya." Ya yi dariya ya ce, "Inna, mene ne a ciki?" Ta ce man gyaɗa ne na tsarabar Goggo, ta kuma kwance ƙullin ƙuli ta ce sai ya ɗanɗana. Muka bar shi yana tauna yana ce mana a sauka lafiya.

Wannan buɗe jarka da aka yi shi ya jawo mana rigima, don Yaya ba ta mayar da murfin da kyau ba. Mun shiga motar Damagaram, an cusa mu huɗu a baya, ba mu yi nisa ba sai matar da ke gefenta ta yi kururuwa, "Innalillahi! Jakata!" Mai ya bi ƙasan mota ya jiƙa mata gindin jaka. Wata Hajiya ce 'yar kasuwa, mai haƙorin Makka da wayoyi biyu. Muka yi ta ba da haƙuri, Yaya ta cire mayafinta tana gogewa, har Hajiyar ta sauko ta ce ba komai, mai ai arziki ne. Daga nan hira ta ɓarke.

Hajiyar nan akwai ido. Ta ce da ni, "Ƙanwata, hannunki ba ya barin ƙirjinki, lafiya?" Kafin in ƙirƙiro ƙarya ta riga ta gane. Ta rage murya ta ce, "Ko me za su ce miki, kada ki yarda ƙarfe ya taɓa wurin. Daji da ƙarfe ba sa haɗuwa, yana jin wuƙa ko allura sai ya bazu. Maƙwabciyata haka aka yi mata, ba ta ga wata salla ba. Bari in kunna miki bayanin wani malami." Ta zaro waya. Yaya ta dafe hannunta ta ce, "Hajiya, don Allah bar tsorata mini yarinya." Yarinya fa, ni da shekara talatin da takwas. Hajiya ta mayar da wayarta. Amma daga nan Yaya ta yi shiru, ita da ba ta iya shiru ba, tana ta kallon gonakin gero ta taga. A lokacin na ɗauka kunyar man da ya zube ce.

Can na duba wayata na ga sabis ya ɗauke ɗif. Layinmu ba ya aiki a can. Da farko hankalina ya tashi kamar an ƙwace mini wani abu, ina ta ɗaga ta sama ina juyawa. Yaya ta ce, "Alhamdu lillahi, an ɗaure bakin maiyar." Kwana huɗun da muka yi a Nijar ban kalli bidiyo ko ɗaya ba, kuma rabon da in yi barci irin na can tun kafin salla.

A Matamaye aka tsaya salla da cin abinci. Nan na fara ganin burodinsu, dogo siriri mai tauri, ana saƙale shi a hammata. Yaya ta ɗaga ɗaya ta ce, "Wannan ci ake yi ko kora awaki?" Amma da aka tsaga shi aka zuba wake da mai da yaji, sai da ta nemi ƙari. Da la'asar muka shiga Damagaram, gari ne mai manyan duwatsu a tsakiyar gidaje. 'Yan acaɓarsu kabu-kabu ake ce musu. Na ga mace da hijabinta tana tuƙa babur da kanta, ta goya ƙawarta, ba wanda ya ko waiga. Na ce a raina, a yi wannan a unguwarmu, a samu abin hira na wata guda.

Goggo Mariyama ta tsufa, amma bakin na nan. Ta rungume mu tana kuka tana cewa Yaya ta zama Babanmu sak. Hausarta ta gauraye da Faransanci, kowace magana sai ta rufe da "wala", mu dai muna gyaɗa kai. Ta sauke mu a ɗakin 'yarta da ta yi aure, ta kawo dambun zogale da kilishin da ban taɓa cin mai laushinsa ba. Abu biyu suka ba ni mamaki a gidan. Na farko ruwa: da za ni wanka ta ba ni rabin bokiti ta ce, "Nan ba Daura ba ce, ki yi a hankali." Na biyu shayi. An kawo a ɗan ƙaramin kofin gilashi, ɗaci kamar maɗaci, na daure na shanye na yi godiya na miƙe. Goggo ta ce, "Ina za ki? Saura biyu." Ashe sau uku ake yi, kuma tashi bayan na farko rashin ladabi ne.

Da muka gaya mata abin da ya kawo mu, ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce akwai wata likita mace, 'yar ƙawarta, da ke da ƙaramin asibiti a bayan kasuwa. Washegari na yi ta jan ƙafa, in ce zan yi wanki, in ce kaina na ciwo, ba mu fita ba sai bayan azahar. Muka tarar da ƙofa a rufe. Ashe mutanen can da rana ta take kowa gida yake tafiya ya kwanta, sai ta yi sanyi a dawo. Wallahi daɗi na ji. Yaya ta harare ni ta ce, "Gobe ko a ka zan ɗauke ki."

Da sassafe muka koma. Likitar ba ta fi sa'ata ba, mai sanyin magana. Ta saurare ni har na gama, da zancen waya da na rashin haihuwa duka, ba ta yi mini dariya ba. Sannan ta nuna gado ta ce in cire riga. Na ƙanƙame hijabina na ce a bari sai wani lokaci. Sai Yaya ta yi tsaki irin nata, ta miƙe ta ce, "Kullum ke kenan. Likita, fara da ni ta ga ba yanka ta za a yi ba." Ta cire riga ta haye gadon, tana kallona tana dariya. "Kin gani? Ban mutu ba."

Likitar ta biye mata don ta kwantar mini da hankali. Ta duba dama tana murmushi, ta koma hagu. Ina kallon hannunta lokacin da ya tsaya. Ta sake dannawa, ta laluba hammata, ta ce, "Inna, ɗaga hannunki sama." Murmushin ya tafi.

"Tun yaushe wannan yake nan?"

Yaya ta ce, "Wannan? Ai ya daɗe, tun kafin azumin bara. Ragowar nono ne ya daskare. Ko ciwo ba ya yi."

"Autanki shekararsa nawa?"

"Sha biyu."

Likitar ta ce, "Nono ba ya jira shekara goma sannan ya daskare. Kuma rashin ciwon nan shi ne bai kwanta mini ba."

Ban san lokacin da na cire tawa rigar ba. Aka yi mana hoto mu biyu da na'urar nan da ake shafa wa mai sanyi. Nawa, ta juyo da allon ta nuna mini, ta ce ruwa ne ya taru a 'yar jaka, mata da yawa na samun haka, ba daji ba ne, in dai riƙa zuwa ana dubawa. Wata uku ina haƙa wa kaina kabari a kan ruwa! Na ji daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba, amma daɗin bai kai ƙirjina ba ya tsaya, don na ga yadda take kallon hoton Yaya.

Yaya ta ce, "Likita, tara fa na shayar. A rediyo aka ce yana karewa." Likitar ta kama hannunta ta ce, "Rediyo bai yi ƙarya ba, Inna. Shayarwa na rage haɗari, amma ba ta kulle ƙofa. Rashin haihuwa na ɗan ƙara shi, amma ba hukunci ba ne. Zancen waya kuwa, ni ban san wata hujja a kansa ba." Ta ce ba za ta kira abin da suna ba sai an ɗebi ɗan kaɗan da allura an auna, allurar kuma ba ta yaɗa komai, zama ne ke yaɗa shi, kuma gara a yi a babban asibiti kusa da gida, don in magani ya kama, tafiya ce mai tsawo. Ta rubuta takarda ta ce kada a wuce mako biyu. Yaya ta ninke takardar ta ba ni kamar tawa ce.

A gidan Goggo, Yaya ba ta bari an yi zancen ba. Ta karɓe girki, ta koya wa maƙwabta yadda ake murza ƙuli, ta yi ta ba mutane dariya. Da muka kamo hanya ma haka, har muka sake ƙetare igiyar Kongolam. Muna zaune a ƙarƙashin wata bishiyar bedi muna jiran mota ta cika, wayata ta farfaɗo, saƙonni suka yi ta shigowa ƙil-ƙil-ƙil. Na kashe ta na jefa a jaka. Sai Yaya ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Kada ki gaya wa yara. Kuma takardar nan ki ajiye, ba inda za ni. Kin ji abin da Hajiyar nan ta ce a kan ƙarfe."

Kun san ni da zuciya. Na manta a bakin hanya muke. Na ce, "Hajiyar da kika ce ta bar tsorata ni? Ashe ke ta tsorata! Maƙwabciyarta, ƙila sai da abu ya ci ya cinye aka kai ta, likita ta gaya mana allura ba ta yaɗa komai, zama ne ke yaɗa shi. Kin jawo ni tun daga Daura har wata ƙasa a kan ruwa, ke kuma ki zauna da dutse a ƙirji? Wallahi ba ki isa ba, Yaya!" Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ran nan. Masu canji har suna waigowa.

Ba ta yi fushi ba. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta, wanda har lokacin da tabon mai a jiki. Can ta ce, "Rabi, duk abin da na shiga gabanki, na san ba abin da zai same ni ne. Maganin ba nawa ba ne, allurar ba tawa ba ce. Wannan kuwa tawa ce. Tsoro nake ji." Shekara talatin da takwas ina tare da matar nan, ban taɓa jin wannan kalma a bakinta ba. Na kama hannunta, muka yi kukanmu a nan gindin bedi har direba ya ce mota ta cika.

Ba ta ce e ba ran nan. Kwana tara ina rufe kitso da wuri ina hawa mota zuwa Zango, in zauna kusa da murhunta, takardar na kan cinyata. Ku da kuka yi ta zuwa kuna tarar da ƙofata a rufe, ga inda nake. A rana ta goma na fito da safe na same ta a zaurenmu, da hijabinta da 'yar jakarta, rediyon na leƙowa daga ciki. Ta ce, "In za mu, mu tafi, kafin in canza."

Sauran kun ji ƙishin-ƙishin ɗinsa. An auna a Katsina, daji ne. Likitoci sun ce da an ƙara wata shida da maganar ta bambanta. An yi mata aiki, yanzu tana karɓar maganin da ake sawa ta ruwa, yana wahalar da ita, gashin nan nata mai cika hannu saura kaɗan. Jiya kitso biyu na yi mata, ta dubi madubi ta ce na yi mata ha'inci. 'Ya'yanta sun sani, suna karɓa-karɓar kai ta. Gaba kuma tana hannun Allah, ku sa ta a addu'a.

Amma in kun tambaye ni abin da na fi tunawa a duk tafiyar, ba a Nijar ya faru ba. Ranar farkon nan ce a Katsina, muna zaune a benci a bakin ɗakin da ake ɗibar gwajin. Ma'aikaciya ta leƙo ta kira sunan Yaya. Ba ta motsa ba. Aka sake kira, ta ƙanƙame jakarta. Ban ja ta ba, ban roƙe ta ba. Na miƙe na gyara hijabina, na ce da ma'aikaciyar tare muke, na nufi ƙofar. Ban waiga ba, don na san in na waiga za ta ga fuskata ta gane ni ma tsoron nake ji. Na sa ƙafa a cikin ɗakin na tsaya, na kasa kunne.

Sai na ji ƙarar silifas ɗinta a bayana.